Dodon Bango Ya Shiga Kwali

A arewa da Doha, babban birnin ƙasar Katar, akwai wata gunduma da ake kira Umm Salal. Abin da aka fi saninta da shi tun da can shi ne hasumiyoyin Barzan, waɗanda Shaihu Muhammadu bin Jasim Al Thani ya tayar a farkon ƙarni na 20, domin hango baƙi daga nesa da kuma duban jinjirin watan azumi. Amma tun daga shekarar 2017 abin da ya fi jan jama'a zuwa wannan gunduma shi ne wata makekiyar kasuwar zamani mai suna Doha Festival City, wadda ta haɗa ɗaruruwan kantuna da gidan silima da wuraren wasan yara a ƙarƙashin rufi guda. Duk wanda ya saba kutsawa kantunan kayan wasa na irin waɗannan kasuwanni, ko a bakin Tekun Fasha ne, ko a Landan, ko a New York, ya san akwai wani ɓangare da yara ba su cika daɗewa a gabansa ba, sai dai manya, wasu ma har da furfura. Nan ne ake jera mutum-mutumin roba na jaruman finafinai da dodanninsu, waɗanda ba don wasa ake sayensu ba, sai don a tara, a jera a kanta, a riƙa kallo.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice wajen masu wannan sha'awa shi ne wanda kamfanin NECA na jihar New Jersey ta Amurka ya fitar a jerin dodanninsa na shekarar 2021, don murnar cikar shekara 90 da fitowar fim ɗin Frankenstein. Tsawonsa bai fi taki guda ba. Yana sanye da baƙar kwat wadda hannuwanta suka ɗage masa, da wasu takalma jibga-jibga. Kansa a shafe yake daga sama kamar an yanke shi da zarto, fatar idanunsa ta rufto, kuma akwai ƙarfe guda a kowane gefen wuyansa. A cikin kwalin an haɗo da kawuna na canji, da hannuwa na canji, da mari na ɗaure shi, da wasu 'yan furanni farare. An yi shi iri biyu, ɗaya mai launi, ɗaya kuwa fari da baƙi kamar yadda fim ɗin yake. Mutum ko bai taɓa ganin fim ɗin ba, da wuya ya ce bai san wannan fuska ba. To, amma fuskar wane ne? Wannan tambaya ta yi shekaru a gaban alƙalai, kuma amsarta ita ce tarihin wannan ɗan abu.

Da farko dai, Frankenstein ba sunan dodon ba ne, sunan wanda ya haɗa shi ne. Wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Shelley ce ta fara rubuta labarin a 1816, tana da shekara 18, lokacin da take zaune da mawaƙa Percy Shelley da Lord Byron a bakin tafkin Jeniba a ƙasar Suwizalan. Shekarar nan Turai ba ta ga bazarar kirki ba, saboda tokar dutsen Tambora na Indunisiya da ya yi aman wuta a 1815 ta dushe rana, ruwa da sanyi suka tsare su a ɗaki, suka shiga gasar ƙaga labarun ban tsoro. An buga littafin a farkon 1818, kwafi 500, ba tare da sunan mai shi ba. Halittar da ta siffanta a ciki ba ta yi kama da abin da ke cikin kwalin nan ba ko kusa. Dogo ne mai ƙafa takwas, fatarsa rawaya, gashinsa baƙi mai zuba, yana da zafin nama, ya koyi magana da karatu da kansa, har yana zama ya yi wa wanda ya yi shi muhawara mai ratsa zuciya kan hakkin da ke tsakaninsu. Ba shi da suna. Da aka mai da labarin wasan kwaikwayo a Landan a 1823, wani ɗan wasa T. P. Cooke ya fito a matsayin dodon da shuɗin fenti a jiki, a takardar shiga kuwa, inda ya kamata a rubuta sunan halittar, sai aka ja layi kawai. Mary Shelley ta je ta kalla, amma ko sisi ba a ba ta ba, domin dokar lokacin ba ta hana a ɗauki littafin mutum a yi wasa da shi ba. Haka aka yi shekara fiye da ɗari, kowane mai wasa yana zana wa dodon fuskar da ya ga dama, har da kamfanin Edison da ya yi ɗan gajeren fim a kansa a 1910.

A 1931 ne aka tsayar da fuskar wuri guda. A watan Fabrairu na shekarar nan kamfanin Universal na Hollywood ya fitar da fim ɗin Dracula, inda Bela Lugosi, mutumin Hangari, ya fito a matsayin mai shan jinin mutane, aka sami ciniki ƙwarai a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Sai kamfanin ya waiwayi littafin Mary Shelley. An so Lugosi ya zama dodon, abin bai yiwu ba, darekta James Whale ya ɗauko wani Bature ɗan Landan mai shekara 43, wanda ya riga ya fito a finafinai masu yawan gaske ba tare da ya yi suna ba. Sunansa na yanka William Henry Pratt, sunan sana'a Boris Karloff. Wanda aka danƙa wa aikin mai da shi dodo kuwa shi ne shugaban masu kwalliyar 'yan wasa na kamfanin, Jack Pierce, haifaffen ƙasar Girka.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan aikin Pierce, domin kowace alama da ke jikin mutum-mutumin nan daga hannunsa ta fito, kuma kowacce da dalilinta. Ya ce ya yi tunani ne cewa wanda ya haɗa dodon ɗalibin kimiyya ne, ba gwanin fiɗa ba, saboda haka in zai sa ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai zai bi hanya mafi sauƙi, watau ya yanke saman kan a miƙe kamar murfin tukunya, ya zuba, ya mayar ya ɗame da ƙarfe. Dalilin shafaffen kai ke nan. Ya gina shi da goshin nan mai tudu ta hanyar jera auduga da wani ruwan ɗanko mai ƙarfin wari, hawa bisa hawa, a kan fatar Karloff. Ƙarafan wuya, waɗanda mutane da yawa suke ɗauka kusoshi ne na riƙe kai, mahaɗar lantarki ce, ta nan wutar tsawa za ta shiga jiki. An rage tsawon hannun kwat don hannuwa su yi kamar sun fi ƙima, an sa masa takalman masu aikin zuba kwalta don ya ƙara tsawo, tafiyarsa ta yi nauyi. Shi ma Karloff ya sa nasa. Shi ya ga cewa idanunsa sun cika rai, aka ɗora masa kakin zuma a fatar ido. Yana da haƙoran roba a gefe guda, sai ya riƙa cire su, kuncin ya lotsa kamar na gawa. Wannan aiki yakan ci wajen awa huɗu kowace safiya, cirewa kuma da yamma wata azaba ce. Ga zafin fitilu, ga nauyin kaya, har ya sami ciwon baya wanda ya bi shi iyakar ransa. Ba mamaki da aka same shi cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare hakkin 'yan wasan fim ta Amurka a 1933.

Akwai kuma maganar launi. Yau kowane yaro zai ce dodon Frankenstein kore ne. Alhali Pierce ya shafa wa Karloff fenti mai ɗan kore-kore ne domin ya san a hoton fari da baƙi wannan launi zai fito fari fat kamar fatar mamaci. Ba a yi shi don ido ya gan shi ba. Masu zanen tallar fim da masu kayan wasa ne suka fito da koren fili daga baya, suka ƙara masa kauri, har ya zama kamar shi ne asali.

Fim ɗin ya fito a watan Nuwamba na 1931. A jerin sunayen da aka nuna a farkonsa ba a sa sunan Karloff ba, alamar tambaya aka sa, kamar yadda aka ja layi a 1823. Kafin a fara, sai wani dattijon ɗan wasa ya fito gaban labule ya gargaɗi masu raunin zuciya. Kuma lalle mutane sun tsorata. Hukumomin tace finafinai na jihohin Amurka dabam-dabam sun sa almakashi a wurare, musamman guda biyu. Na farko inda mai haɗa dodon, da ya ga hannu ya motsa, ya furta kalmar saɓo yana kwatanta kansa da Mahalicci. Na biyu inda dodon ya tarar da wata yarinya mai suna Maria a bakin tafki, ta ba shi furanni suna jefawa a ruwa suna kallon yadda suke yawo, da furanninsa suka ƙare sai ya ɗauke ta ya jefa, a zatonsa ita ma za ta yi yawo a kan ruwan. An yanke wannan, aka yi shekara kusan hamsin ba a ganinsa, sai a shekarun 1980 aka mayar. A Ingila kuma, irin waɗannan finafinai ne suka sa hukumar tacewa ta ƙirƙiro wani rukuni na musamman don finafinan ban tsoro a 1932.

Mai karatu Bahaushe ba zai rasa fahimtar wannan tsoro ba, domin a wajejen wannan zamani ne hoto mai motsi ya iso ƙasar Hausa, kuma ɗaya daga cikin sunayen da aka fara laƙaba masa shi ne dodon bango. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa. Malamai da yawa sun ƙyamaci abin, suna ganin hoton da ke tafiya yana magana ya yi kusa da kwaikwayon halitta, watau kusan zargin da masu tacewa na Amurka suka yi wa Frankenstein ke nan, sai dai a Kano na'urar kanta aka zarga, ba labarin da ke cikinta ba. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya a watan Mayu na 1951, ta halaka mutum 331, mutanen gari da dama sun ɗauka ishara ce. Da aka gina silimar Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, sai da aka yi ta jifan masu shiga.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin dodon bango da Dodon tatsuniya, kuma a nan ne maganar take. Dodon da tsofaffi suke ba jikoki labarinsa da dare, wanda Frank Edgar ya tara tatsuniyoyinsa da yawa a littattafansa uku tsakanin 1911 da 1913, ba shi da fuska tsayayya. Wani lokaci a kogi yake, wani lokaci a ƙungurmin daji, wani lokaci ya rikiɗe ya zo neman aure da siffar kyakkyawan saurayi. Yana haɗiye gari guda da shanunsa, amma Gizo yana iya yi masa wayo. Kowace mai ba da tatsuniya da nata Dodon, kowane yaro kuma da wanda yake gani in ya rufe ido. Haka abin yake a ƙasashen bakin Tekun Fasha, inda iyaye a Katar da maƙwabtanta suke hana yara fita da tsakar rana da labarin wata jaka mai suna Himarat al-Gayla, masu nutso neman lu'ulu'u kuma suna tsoron Bu Darya, dodon teku. Ba wanda zai iya cewa ga hancin ɗayansu ko ga tsawon kunnensa. Abin da ba shi da fuska kuwa ba a iya yi masa rajista a ofis, ba a iya zuba shi a mazubin roba, ba a kuma saba da shi. Dodon Universal fuskarsa ɗaya ce, yau da gobe da jibi, kuma Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Rainin ya zo da sauri. Karloff ya sa wannan fuska sau uku kawai a fim, a 1931 da 1935 da 1939, ya bari don ya ga ana shirin mai da dodon abin dariya. Kamfanin bai tsaya ba, sai ya ɗora fuskar a kan wasu: Lon Chaney ƙarami a 1942, Lugosi kansa a 1943, sannan wani ƙaton ɗan wasan finafinan kaboyi mai suna Glenn Strange daga 1944. A 1948 aka haɗa dodon da 'yan barkwancin nan Abbott da Costello. Wannan ya nuna abin da kamfanin ya riga ya gane, cewa fuskar kaya ce kamar rigar aro, wanda duk aka sa wa ya zama shi. Har ma da Karloff ya rasu a 1969, an sami jaridar da ta buga labarin rasuwarsa da hoton Glenn Strange.

Abin da ya kai dodon hannun yara shi ne talabijin. A 1957 kamfanin Screen Gems ya tattara tsofaffin finafinan ban tsoro na Universal guda 52 ya ba gidajen talabijin na Amurka haya, suka riƙa nunawa da dare a ƙarshen mako. Yaran da ba a haife su ba lokacin da aka yi finafinan suka gan su a falon gidansu, a ƙaramin gilashi, ana katsewa da talla. A 1958 aka fara wata mujalla mai suna Famous Monsters of Filmland, wadda Forrest Ackerman yake shiryawa, cike da hotuna da barkwanci. Sai kamfanin Aurora na jihar New York, wanda sana'arsa yin ƙananan jiragen sama da motoci na roba da yaro zai harhaɗa da gam, ya nemi izinin Universal, ya fitar da dodon Frankenstein a 1961, a kan kuɗin da bai cika dala ɗaya ba, santi 98. Ana buɗe kwali a tarar da shi gunduwa-gunduwa, ga ƙafa, ga hannu, ga rabin kai, yaro ya zauna ya haɗa ya yi fenti, watau ya maimaita aikin Frankenstein da hannunsa a kan teburin cin abinci. An yi wawarsa har sai da masana'antar ta koma aiki dare da rana. Dracula da mutum mai rikiɗa kyarkeci suka biyo baya a 1962. A wannan shekara wata waƙar barkwanci da aka kwaikwayi muryar Karloff a cikinta ta zo ta ɗaya a Amurka. A 1964 dodon ya zama maigida mai sauƙin kai a wani wasan ban dariya na talabijin, The Munsters. A 1971 kuwa aka mai da shi ruwan hoda, aka manna a kwalin abincin karin kumallon yara.

Na Aurora ba ya motsi, inda aka manna shi nan yake. Mai gaɓoɓi ya samo asali ne daga kamfanin Hasbro, wanda ya fitar da sojan roba G.I. Joe a 1964. Masu kamfanin sun san yara maza ba za su yarda a ce suna wasa da 'yar tsana ba, kamar yadda yaro a Kano zai yi motar kara ko dokin laka amma ya bar wa ƙannensa mata 'yar tsanar ƙashi, saboda haka suka hana a kira shi da wannan suna, suka ƙago wani mai nufin siffa mai motsi. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanonin Mego da Azrak-Hamway suka fitar da dodanni a wannan tsari, Remco ya bi a 1980. Sau ɗaya ne iyaye suka taka wa abin birki sosai, lokacin da Aurora ya wuce gona da iri a 1971, ya fitar da wani jeri mai ɗauke da keji da kayan azabtarwa da siffar wata mace da za a sa a ciki. Ƙungiyoyin mata suka yi zanga-zanga, kamfanin biskit na Nabisco, wanda ya sayi Aurora a shekarar, ya janye kayan.

Duk wannan ciniki, wa ya ci? Karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ba ta taɓa samun wurin zama kamar nan ba. Littafin Mary Shelley ya daɗe da zama na kowa, amma fuskar ta Universal ce. Shi ya sa da kamfanin Hammer na Ingila ya tashi yin nasa fim ɗin a 1957, da Christopher Lee a matsayin dodon, dole ya kauce wa shafaffen kai da ƙarafan wuya, ya nemi wata siffa. 'Yan wasan kuwa albashinsu na mako kawai suka ɗauka. Lugosi dala 500 aka riƙa ba shi a mako, mako bakwai, jimla dala 3,500, a fim ɗin da ya ceci kamfanin. Ya rasu a 1956 cikin talauci, aka binne shi da alkyabbar Dracula. Bayan 'yan shekaru ɗansa da matarsa suka ga fuskarsa a kan kayan wasa da riguna da katin wasa, suka kai Universal ƙara a 1966. Kotun farko ta ba su gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe. A ƙarshen 1979 kotun ƙoli ta jihar Kalifoniya ta yanke cewa ikon mutum a kan sunansa da kamanninsa nasa ne shi kaɗai, in bai yi ciniki da shi yana da rai ba, ya bi shi kabari, magada ba su da gado a ciki. Babbar mai shari'a Rose Bird ba ta yarda da wannan ba, ta rubuta doguwar hujja ta saɓani. Majalisar jihar ce ta warware, ta kafa doka wadda ta fara aiki a 1985, ta ba magada ikon kamannin mamaci har shekara 50 bayan rasuwarsa, aka ƙara zuwa 70 a 1999. Iyalin Lugosi sun faɗi a kotu bayan shekara 13, amma faɗuwarsu ce ta jawo dokar. Daga baya iyalan Lugosi da Karloff da Chaney suka kafa kamfanonin ba da izinin amfani da kamannin iyayensu, su ne kuma suka yi ta fafutika har hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki da hotunan dodannin a 1997.

Jack Pierce ba ya cikin wannan rabo, domin fuskar da ya ƙago ba a jikinsa take ba, kuma ma'aikaci ne, abin da ya yi a bakin aiki na maigida ne. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin ya sallame shi, saboda an sami sabuwar dabara ta zuba fuskar roba a manna cikin ɗan lokaci, shi kuwa ya nace wa audugarsa da ɗankonsa. A farkon shekarun 1960, daidai lokacin da yaran Amurka suke layin sayen kwalin Aurora, shi yana shafa wa 'yan wasa hoda a wani shirin talabijin mai suna Mister Ed, labarin wani doki mai magana. Ya rasu a 1968.

Yaran nan na 1961 su ne suka girma suka sami albashi, kuma dominsu da 'ya'yansu ake yin irin na NECA. Ba su nemansa don a buga a ƙasa, abin da suke dubawa shi ne kama. Shin kuncin dama ya lotsa kamar na Karloff, ko kuwa faffaɗar fuskar Glenn Strange ce aka sake kawowa? Shin fatar ido ta rufto daidai? A kan wannan ma'auni na 2021 ya yi abin yabo, domin ya kama abin da yawancin na da suka rasa, watau cewa fuskar ta mai baƙin ciki ce kafin ta zama ta mai ban tsoro. Aibinsa aibin irinsa ne duka: mahaɗar gwiwar hannu da ta ƙafa sun yanka kwat da wando, suna tuna wa mai kallo cewa roba ce, ga shi kuma an ba da gaɓoɓi masu lanƙwasa ga halittar da duk kwarjininta a sanƙarewa yake. Tsakanin iri biyun, na fari da baƙi ya fi gaskiya, ko da yake mai launi ya fi ɗaukar ido, tun da koren nan ba a taɓa nufin a gan shi ba. Da yawa daga cikin masu saye ma ba sa buɗe kwalin, domin wanda ba a buɗe ba ya fi daraja in an tashi sayarwa.

Hausawa ma sun mai da nasu dodon abin wasan yara, amma ta wata hanya. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, akwai wasan dare na watan azumi wanda har yau sunansa Dodo, fataken Hausawa ne suka kai shi a ƙarni na 19, ɗan'uwan tashe ne. Yara maza sukan sassaƙa fuskokin namun daji da ƙwarya ko kwali, su bi gida gida suna rawa ana ba su sadaka. Kowace ƙungiya da irin fuskar da ta ƙago, baɗi kuma a sake wata. Ita kuwa fuskar 1931, wa'adin hakkin mallakar fim ɗin da ta fito a ciki yana cika a Amurka ranar 1 ga Janairu 2027, shekara 95 cif bisa dokarsu, ko da yake alamar kasuwanci da kamannin ɗan wasa kowanne shari'arsa dabam.

Saura 'yan furannin nan na cikin kwali, waɗanda suka fi kome ƙanƙanta, suka fi kome saurin ɓata. Na wurin nan ne da masu tacewa suka yanke, na bakin tafki. Yarinyar da ta fito a matsayin Maria sunanta Marilyn Harris, shekararta bakwai a lokacin. Ma'aikatan fim ɗin sun damu ƙwarai kada ta firgita in ta ga Karloff cikin shigarsa, suna ta shawarar yadda za a haɗa su. Da safiyar ranar da za a tafi tafkin Malibou ɗaukar hoton, motoci sun jeru, dodon ya fito da shafaffen kansa da ƙarafan wuyansa, sai ta ruga ta kama hannunsa, ta tambaye shi ko zai yarda ta shiga mota ɗaya da shi. Ya ce mata to, suka tafi tare.